Wai waɗannan gidajen ajiye data ɗin, a ina ɓarnarsu ta fi yawa ne?

Ummi_Zazzau:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin kwamfuta da na muhalli ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Kwanan nan ana ta yawo da wata magana a WhatsApp wai duk tambaya ɗaya da mutum ya yi wa ChatGPT gorar ruwa guda ake ƙararwa, har wasu na cewa a daina amfani da shi tunda akwai garuruwan da ko na sha babu. Ni dai maganar ba ta shige ni ba, ina ruwan waya da ruwa? Da na ɗan bincika sai na ga ashe ana nufin manyan gidajen nan ne da ake jibge kwamfutoci a ciki, data santa, inda hotunanmu da bidiyo da saƙonni suke zaune.

To ni tambayata ba ta ruwa kaɗai ba ce. In aka ɗauko abin tun daga tushe, tun daga haƙo ƙarfen da aka ƙera kwamfutocin da shi, da gina gidan, da shekarun da zai yi yana aiki, har ranar da za a kwashe na'urorin a zubar, a wane mataki ne ya fi cutar da muhalli? Kuma mu nan abin ya shafe mu ko matsalar Turawa ce kawai? A yi min da Hausa mai sauƙi dan Allah, ni ba ƴar kimiyya ba ce. Na gode.

Injiniya_Lekki:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin zo gidan, aikina kenan, ina ɓangaren wuta da sanyaya na'urori a wata cibiya a Legas, ba sai na kama suna ba. Amsarki a taƙaice, a mafi yawan wurare wutar da gidan ke sha lokacin da yake aiki ita ce babbar, sauran suna biye.

Da za ki shiga ɗakin sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai suna sarrafa su, da kin gane da kanki. Akwatunan ƙarfe ne da suka fi mutum tsawo an jera su layi layi, kowanne cike da kwamfutoci an ɗora wata kan wata, in kina gaban layin sanyi ne sai kin nemi rigar sanyi, da kin zagaya bayan layin iska mai zafi ce za ta daki fuskarki, ga ƙarar fankoki sai kin ɗaga murya kafin na kusa da ke ya ji. Duk wutar da ta shiga cikin na'urar nan zafi take komawa, kuma dole a fitar da zafin dare da rana, babu Sallah babu Lahadi. To kin ga wuta biyu kenan, ta aikin da ta sanyayawa. Mu muna da ma'auni da muke kira PUE, in sabobin sun sha yunit 1, gidan gaba ɗaya nawa ya sha? Matsakaicin duniya wajen 1.5 zuwa 1.6 ne, manya irin su Google suna cewa nasu ya sauko wajen 1.1.

Hukumar makamashi ta duniya IEA ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin nan sun sha terawat-awa 415, wato kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana hasashen zai kai wajen 945 nan da 2030, babban abin da ke jawo ƙarin shi ne AI, wato fasahar irin su ChatGPT. In kika lissafa da megawat 4,000 zuwa 5,000 ɗin nan da muka saba ji layin wutar Najeriya na bayarwa, wannan 415 ɗin kusan ninki goma ne na abin da ƙasar nan ke samu a shekara. Kashi 1.5 ba wani abin tashin hankali ba ne in aka raba wa duniya, matsalar ita ce ba a rabe yake ba, a wuri ɗaya suke taruwa. Ayalan misali, a 2015 kashi 5 na wutar ƙasar suke sha, zuwa 2023 ya kai 21, ya fi abin da duk gidajen biranen ƙasar suka sha, har sai da aka taka birki wajen jona sababbi a kewayen Dublin. A Amurka kuma jihar Virginia ce matattararsu. Microsoft har yarjejeniyar shekara 20 ta ƙulla a 2024 don a sake tada wani injin nukiliya a Three Mile Island da aka rufe tun 2019, a Memphis kuwa kamfanin xAI injinan gas ya girke ya kunna, mutanen unguwar da ke kusa, akasarinsu baƙaƙen fata, suka yi ta kukan hayaƙi.

Sai ruwa. Kin san yadda ruwan tulu ke sanyi saboda yana tsatsafowa iska na busar da shi, to dabarar kenan, ana barin ruwa ya zama tururi ya tafi da zafin. Yana rage kuɗin wuta sosai amma ruwan ya tafi kenan. In kuma aka ce ba za a taɓa ruwa ba sai a koma manyan injinan sanyaya na wuta, mita ta ƙara gudu. Dole ɗaya ya ji a jikinsa. A wani ƙaramin gari The Dalles a jihar Oregon, Google ta yi amfani da galan miliyan 355 a 2021, kashi 29 na ruwan garin, kuma sai da aka kai ruwa rana a kotu tsakanin hukumar garin da wata jarida kafin adadin ya fito fili. A Uruguay ma mutane sun yi bore a 2023 lokacin fari kan cibiyar da Google ke shirin ginawa, daga baya kamfanin ya sauya tsarin zuwa sanyaya da iska.

Maganar gora ɗaya tambaya ɗaya kuwa an ƙara mata gishiri. Asalinta wani bincike ne na jami'ar California da ke Riverside a 2023, su cewa suka yi rabin lita na tafiya a amsoshi 10 zuwa 50, ya danganta da wuri da lokaci, kuma sun haɗa da ruwan da tashar wutar lantarkin ke sha. Google kuma a 2025 ta ce nata Gemini ɗin, takwaran ChatGPT, tambaya ɗaya ta rubutu wajen mililita 0.26 ce, ɗigo biyar kenan, sai dai ita ruwan cikin gidanta kawai ta ƙirga, kuma mai kaya ne ke faɗar kyan kayansa. Ni abin da na fi dubawa shi ne a ina aka ɗebi ruwan, lita dubu a Finland ba ɗaya ba ce da lita dubu a garin da rijiyoyi ke ƙafewa.

DanKurna:

hhhh wlh ku kuna da lokaci. mu da nepa ke kawo wuta awa uku a dauke shine zamu zauna muna tausayin ireland. su suka sha wutarsu su suka sha ruwansu, mu ko cajin waya sai munje shago mun biya. nidai a ganina wannan duk surutun yan boko ne, hayakin janareton unguwarmu kadai yafi damuna akan wata data santa da ban taba gani ba. injiniya ba raini ba amma ku fara gyara mana transfoma tukunna

Malama_Rayfield:

DanKurna ka ban dariya, Allah ya kawo muku transfoma. Amma ka bi a hankali, janareton da kake kuka da shi ƙani ne, yayyensa suna bayan waɗannan gidajen da tankunan dizal.

Ummi, Injiniya ya yi bayani mai kyau sai dai daga tsakiya ya kamo labarin, shi daga ranar da aka kunna wuta yake lissafi. Ni ɓangaren ƙasa da ma'adinai na karanta, bari in koma baya kaɗan. Kafin a kunna saba ko ɗaya an riga an ci bashin muhalli mai yawa. Gidan kansa siminti ne da ƙarfe tuli, kuma siminti kaɗai yana da wajen kashi 7 zuwa 8 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa, ƙarfe ma kusan haka. Ba ni na faɗa ba, Microsoft da kanta a rahotonta na 2024 ta ce hayaƙin da ake lissafa mata ya ƙaru da kashi 29 daga 2020, kuma ta ɗora laifin a kan gina sababbin cibiyoyi, wato siminti da ƙarfe da su cip da sabobi da akwatunansu. Google ma nata ya tashi da kashi 48 tsakanin 2019 da 2023. Duk su biyun sun yi alƙawarin kawo ƙarshen hayaƙinsu nan da 2030 fa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne cip ɗin nan, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan abin da bai kai tafin hannu ba, ƙera shi ya fi komai cin wuta da ruwa a cikin kwamfutar. Ana wanke farantin silikon sau ba adadi da ruwan da aka tace shi fiye da duk wani ruwan sha, ga sinadarai, ga wasu iskokin gas masu riƙe zafi fiye da kabon nesa ba kusa ba. Mafi yawan cip masu ƙarfi a Taiwan ake yinsu, kamfanin TSMC. A 2021 da aka yi farin da ba a ga irinsa ba cikin fiye da shekara 50, gwamnati ta tsayar da ban ruwa a gonaki masu yawa ta biya manoma diyya, masana'antun cip kuma suka ci gaba da aiki har da ɗauko ruwa a tankoki. Wannan ruwan ba zai taɓa fitowa a lissafin gidan data da ke Amurka ko Legas ba, amma dominsa aka sha.

In aka ƙara komawa baya sai rami. Jan ƙarfe na wayoyi, wanda gidajen nan ke ci tan tan, da alminiyam, da zinari ɗan kaɗan a jikin fanel, wato allon da ake liƙa su cip a kai, da tantalam, da kuza ta like. Kobalt na wasu batura wajen kashi 70 daga Kwango yake fitowa. Kuzar yanzu akasari daga China da Indonesiya da Myanmar take, amma duk wanda ya san Filato ya san abin da haƙar kuza ke bari, kududdufan da kamfanonin Turawa suka tona suka tafi har yau suna nan a kewayen Jos da Bukur da Barikin Ladi, an shekara da shekaru ba a cike su ba, kuma suna cin mutane da dabbobi.

To wanne ya fi, ginawa ko aiki? Ni a nan nake ɗan saɓa wa Injiniya, babu amsa ɗaya. In gidan yana shan wutar kwal ko gas ko dizal, eh aikin yau da kullum ne ya fi, da tazara ma. In kuma yana irin Norway ko Sweden inda wutar ta ruwa ce da iska da nukiliya, hayaƙin aikin sai ya faɗi ƙasa, sai ya zama ƙera na'urorin da ginin su ne babban kaso. Kuma gini sau ɗaya ake yi ya shekara 20 ko fiye, na'urorin ciki kuwa duk bayan ƴan shekaru sai an sauya, ma'ana bashin ƙerawar nan ana sake cinsa sau uku sau huɗu a rayuwar gida ɗaya. Shi ya sa in kamfani ya ce min wutarsa duk ta sola ce ba na saurin tafa masa.

Baba_Nima:

Salamu alaikum. Ni ban yi karatu mai zurfi ba yarana, amma ƙarshen kayan nan a hannunmu yake faɗowa, na daɗe a sana'ar kayan bola a Ankara ta Gana tun ana kasuwar bola ta Agbogbloshie kafin gwamnati ta rushe wajen a 2021. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba, watsuwa kawai yaran suka yi cikin unguwanni da wasu garuruwa.

In kwamfuta ta zo abin da ake yi shi ne a farke ta da guduma da sukurdireba, ƙarfe gefe, alminiyam gefe, fanel gefe. Fanel shi ne mai daraja, ana ware shi daraja daraja, na waya da na manyan kwamfuta sun fi na talabijin kuɗi, a auna a kilo, dillalai su tara su fitar waje inda ake da injin cire zinarin. Mu ba mu cire komai, wahalar ce tamu. Waya kuwa yara ke tarawa su ƙona don robar ta narke jan ƙarfen ya fito, suna haɗawa da soson cikin tsohon firji ko taya don wutar ta kama, hayaƙin baƙi ƙirin, yaro ya yini a kai da sanda yana juyawa, da yamma idonsa jajir yana tari. Batir shi ya fi ban tsoro, a fasa da adda a zubar da ruwan a ƙasa a kwashe dalmar. Inda aka saba zubarwa ko ciyawa ba ta fitowa, kuma awaki na kiwo a wajen, mata na sayar da abinci.

Ƴata Ummi, in za ki rubuta wani abu ki sa wannan a ciki, su masu ofis in sun ce an sake sarrafa kaya su tambaya waye ya sarrafa, kuma da me.

Injiniya_Lekki:

Baba Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa babu ƙari a ciki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kashi 22 ne kacal. Sai dai don adalci, mafi yawan abin da ke isowa hannunku firji ne da talabijin da wayoyi da kwamfutocin gida da na ofis. Manyan kamfanonin suna da ƴan kwangilar da ke karɓar tsofaffin sabobinsu, wasu a gyara a sayar, kuma ta nan ne wasu ke biyowa kwantena su sauka kasuwar Computer Village ta Legas a matsayin tokumbo, su yi aiki a nan wasu shekaru, in sun mutu kuma Baba ka san inda za su.

Abin da ni ke ƙona min rai shi ne faifan ajiya. Na ga an kawo inji an niƙe faifai lafiyayyu kwali kwali, suna aiki sumul, saboda kawai mai bayanan yana tsoron kar wani ya tono sirrinsa, alhali akwai hanyar goge su tas a sake amfani da su. Banki ko kamfanin inshora ba ya son jin wannan, shi dai a ba shi takardar shaidar an lalata.

Malama kuma na karɓi gyaranki a kan Norway, amma ki lura kamfanonin sun ɗan tsawaita rayuwar sabobin, Microsoft a 2022 da Google a 2023 sun mai da lissafinsu daga shekara 4 zuwa 6. Ko da yake AI na neman dawo da hannun agogo baya, kowace shekara sabon cip na fitowa kowa na rububi, kuma akwatin da a da yake shan kilowat 5 zuwa 10 yanzu akwai na Nvidia mai shan sama da 100, iska ba ta iya sanyaya shi sai an bi da ruwa ta bututu har kan cip ɗin.

DanKurna kai kuma, abin ya iso gida ai, ga cibiyoyin data nan a Najeriya. Rack Centre na Ikeja, MainOne da Equinix ta saya a 2022 kan dala miliyan 320 tana Lekki, MTN ta buɗe tata a Legas a 2025, Galaxy Backbone na gwamnati na da ita a Abuja da Kano. In aka gwada da na waje namu ƙanana ne ƙwarai, amma kowace yunit ɗinmu ta fi datti saboda ba wanda zai dogara da layin ƙasa, ko dai gas ko dizal. Wuta na ɗaukewa batura ke riƙe gidan na ƴan daƙiƙu kafin janareto ya tashi, kuma ɗaki guda ne cike da batura, su ma duk bayan ƴan shekaru sai an sauya. Ga zafi, mu ba mu da watannin da za a buɗe wa iskar waje ta yi aikin kyauta kamar ƙasashen sanyi. Su can har zafin ma ba ya tashi a banza, a Odense ta Denmark zafin cibiyar Meta ake turawa ya ɗumama dubban gidaje, mu wa zai sayi zafi a hannunmu?

Ummi_Zazzau:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Yaya Injiniya, Anti Malama, Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Tambaya ɗaya ta rage min, tunda Allah ya hore mana rana a arewa me zai hana a yi su da sola kawai a huta da dizal ɗin? Sannan ni in na goge tsofaffin hotuna da bidiyo na da ke Google yana rage wani abu ko wahalar banza ce?

Malama_Rayfield:

Goge hotunan ba laifi ba ne amma kar ki sa rai da yawa, ajiya ba ta cin wuta kamar sarrafawa, kuma faifan yana nan yana juyawa ko da naki ko babu. In kina son abin da ke hannunki da gaske to wayarki ce, mafi yawan hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta wajen ƙera ta ne ba wajen caji ba, riƙe ta shekara huɗu maimakon biyu ya fi goge hoto dubu.

Injiniya_Lekki:

Sola tana taimakawa da rana ƙanwata, matsalar gidan ba ya barci, abin da yake sha ƙarfe biyun rana shi yake sha ƙarfe biyun dare. Cibiya mai megawat 10 in za ta kwana a kan batir kina maganar megawat-awa sama da 120 na ajiya kowane dare, ga fili mai faɗin gaske na faranti don su ciyar da gidan su kuma cika baturan lokaci guda, ga hazo da ƙurar hunturu da ke rage ƙarfinsu sai an yi ta wankewa, wankin ma ruwa ne. Baturan nan kuma sun dawo da mu kan ramukan Malama da addar su Baba. Shi ya sa yawancin masu cewa suna kan sola, a takarda ne, sun sayi wutar sola daidai da abin da suka sha a shekara amma da dare wutar layi suke ja ko ta mene ce. Abin da na ga ya fi yiwuwa a nan shi ne gas ya riƙe gindin, sola ta rage nauyin rana, dizal ya koma na ko ta kwana. Arewa kuma sai bututun gas na AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta, ya fara kawo gas Kaduna da Kano tukunna za a yi wannan maganar da gaske.

DanKurna:

toh in bututun ya iso a fara jona kurna dan Allah kafin data santa